Gemun Dat da Almakashin Mamm

Fredericksburg, Ohio
7 ga Oktoba

Yayata Saloma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Ervin da ɗan ƙaramin Tobias. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun suna kumbura har yanzu? An ce kun sha ruwan sama a Missouri bana. Mu nan an gama yanka masarar shanu, saura wadda za a ɓare.

Iyayenmu, Dat da Mamm, suna gaishe ki. Mamm ce ya kamata ta rubuto, amma sau uku tana zama da takarda tana tashi ba ta sa ko harafi ba. Jiya ta turo mini biro ta ce, "Elmina, ke ce kika baro makaranta kwanan nan, rubuta wa 'yar'uwarki." Kin san ban iya tsara magana ba, don haka zan faɗa yadda ta zo mini.

Kin tuna dishewar muryar Dat, wadda kika yi ta yi masa tsiya a kai da kuka zo a watan Yuni? Ba ta tafi ba. Ya ce ƙurar ciyawa ce. Mamm ta ba shi zuma da tafarnuwa, ta ɗaura masa tsumma mai ɗumi a wuya, ya je wurin mai gyaran ƙashin baya har sau huɗu. Muryar sai ƙara shigewa ciki take yi.

Lahadi uku da suka wuce an yi sujada a gidan Baffa Mose, ƙanensa. Dat ne zai ja waƙa ta biyu kamar yadda ya saba. Ya buɗe baki ya ja gaɓar farko, sai muryar ta tsage ta tsaya. Mutum sama da ɗari sun ja numfashi suna jira su amsa, babu abin amsawa. Daga ɓangaren mata ina hango bayan wuyansa ya yi ja. Baffa Mose ne ya karɓi waƙar.

Washegari Mamm ta taka har ɗakin waya na bakin titi ta kira Darlene, matar nan mai ɗaukar mutanenmu a motarta. Ba ta nemi izinin Dat ba. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

Sun tafi da ni asibitin birni, don Mamm ta ce idan likitoci suka soma Turanci da sauri kanta toshewa yake yi. An zura masa wata siririyar roba mai fitila ta hanci, daga baya aka gutsiro ɗan nama aka ce mu dawo bayan mako guda. Mun koma ranar Talata. Saloma, ciwon daji ne, a maƙogwaro, daidai inda murya take fitowa.

Likitan mutumin kirki ne, ya zana mana a takarda. Ya ce za a gasa ciwon da hasken na'ura har mako bakwai tare da magani ta jijiya, kuma akwai kyakkyawan zato zai warke bai rasa muryarsa ba, in dai an fara da wuri. Har Mamm ta sauke numfashi. Sai ya nuno wani abu kamar raga, wanda ake tausasawa da ruwan zafi a ɗora wa mutum a fuska da wuya ya sandare, don kada kai ya motsa lokacin gashin. Ya ce dole ragar ta kwanta a kan fata. Ya ce gemun sai ya tafi, duka.

Dat ya ɗauki malafarsa daga kan gwiwa ya miƙe ya ce, "Mun gode, likita." Shi ke nan.

Likitan ya juyo wajena ya tambaya ko ina da tambaya. Ina da guda biyu, Mamm ta sa na rubuta su tun a gida, suna cikin aljihuna. Na kalli takalmana har ya gaji ya kawar da kai. Ga amfanin da na yi musu.

Da muka iso gida Dat ya wuce tatsar shanu. Mamm ta ɗauko lofensa na shan taba daga saman kabad ta jefa a murhu, ta tsaya har ya ƙone, sannan ta durƙusa ta wanke daɓen kicin da ni na riga na wanke da safe.

Kada ki tayar da hankalinki, da cikin nan naki. Ki dai sa mu a addu'a. In kin rubuto wa Dat, kada ki ambaci gemu.

Ki gaishe da Ervin, ki sumbatar mini Tobias.

Ƙanwarki,
Elmina


19 ga Nuwamba

Yayata Saloma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wasiƙunki biyu sun iso, ki yafe mini shirun. Na ji daɗi da kika ce ƙafafun sun sauka. Yaya Ervin da aikin katako? Mu nan sanyi ya shigo, an yanka alade makon jiya.

Ban rubuto ba ne don babu abin rubutawa sai abu ɗaya, kullum shi. Mako shida Dat bai koma asibiti ba. Takardunsu suna zuwa, Mamm tana jera su a bayan agogo. Shi bai ce a'a ba, bai ce i ba, yana fita gona yana dawowa. Ita ma ba ta ce masa komai. Sai dai ta dafa masa ganye, ta niƙa masa nama don ya fara wuyar haɗiyewa, ta ware hankicinsa ta wanke shi kaɗai a bayan gida. Na leƙa bokitin sau ɗaya. Ruwan ya yi ja-ja.

Na yi ta cewa a raina gobe zan yi masa magana. In na zo gabansa sai in tambaye shi ko yana son ƙarin shayi.

Mamm ta ɗauka dokar majami'a yake tsoro, wadda ta hana namiji mai aure aske gemu. Ranar Litinin da ta wuce ta ɗaura keken doki da kanta, ta tafi gidan Bishof Jonas. Matar da ko gaisuwa in zai yi mata sai ta ɓuya a bayan wata. Washegari sai ga shi ya zo da Baffa Mose. Ina ɗakin ajiya ina feraye tuffa, ƙofa a buɗe, ban san yadda zan fita ba, don haka na ji komai.

Bishof ya zauna ya ce, "Atlee, an ce ni na hana ka magani. Yaushe muka yi wannan maganar da kai? Ko tsufa ne ya fara cin kaina?"

Dat ya ce, da wannan muryar tasa mai kamar ana jan buhu a ƙasa, "Ban ce kai ba ne."

"To wa? Mai ciwo ba ya cikin wannan dokar, ka sani sarai. Da ka tambaya da tuni an wuce wurin."

Na daina motsa wuƙa. Can Dat ya ce, "Tun makon aurenmu almakashi bai taɓa shi ba. Shekara ashirin da bakwai. In shiga sujada da haɓa a waje kamar wanda bai ajiye kowa ba, ita kuma tana can cikin mata, ana kallonta? Matar wa za a ce?"

Mamm tana bakin murhu ta ba su baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Wannan ne?"



Ta ƙara da cewa, "Mako shida ina wanke jini, ashe wannan ne?"

Ya ce, "Na ɗauka za ki ji kunya."

Sai ta juyo da ludayi a hannu ta ce, "Ni gemu na aura?"

Baffa Mose ya fashe da dariya ya ce, "Da gemu ta aura ai da ta yi asara, nawa ya fi naka cika tun muna angwaye." Bishof ya harare shi, amma shi ma kafaɗarsa tana rawa. Mamm ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin ta fita waje babu mayafi, cikin sanyin nan.

Da safe ta ja kujera bakin taga, ta yafa masa tawul, ta ɗauko almakashinta na ɗinki, wanda ko takarda ba ta yarda mu yanka da shi. Dat ya ce Baffa Mose zai iya yi. Ta ce, "Zauna." Sai da ta tsaya sau biyu kafin ta gama yanke gemun. Ta bi da rezar da yake aske gashin baki. Haɓarsa ta fito fara fat kamar ƙullun burodi, ƙarama, ba irin wadda na zata ba. Akwai wani tabo a gefe, wai doki ne ya harbe shi yana yaro. Mamm ta sa yatsa a kai ta ce, "Na manta da wannan."

Autarmu Edna ta shigo ta gan shi, ta ƙwala ihu ta shige ƙarƙashin tebur. Sai da ya yi mata magana ta yarda shi ne. Baffa Mose kuwa da ya dawo da yamma cewa ya yi, "Saurayi, ran Lahadi akwai waƙar matasa, in biyo in ɗauke ka? Ƙila ka yi sa'a."

Mun koma asibiti jiya. Sun sake ɗaukar hoton wuyan. Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce abin ya ƙaru, ya taɓa wani wuri da a da bai taɓa ba, amma za a gwada gashin duk da haka. A mota Mamm ta matso ta ce in maimaita mata da harshenmu, kalma da kalma. Na ce mata ya ɗan ƙaru kaɗan. Likita bai ce kaɗan ba. Ni na ƙara.

Za a fara ranar Litinin ta sama. Ki gaishe da kowa. Mamm ta ce ki daina ɗaga tukwane masu nauyi.

Taki,
Elmina


12 ga Janairu

Yayata Saloma,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da barka da sauka lafiya. Allah ya raya Rosanna. Da na karanta wasiƙar Ervin a tebur, Dat ya buga tafin hannunsa a kan katako sau uku, wannan ce murnarsa yanzu. Yaya jikin naki? Tana kama nono sosai? Da wa take kama? Mamm ta saƙa mata safa biyar a ɗakin jira na asibiti, suna cikin ƙunshin nan. Ɗaya ta fi sauran tsawo, ta ce ki yi haƙuri.

Kin ce in faɗa miki gaskiya, kada in rage. To.

Kullum ban da Asabar da Lahadi Darlene tana zuwa bayan tatsar safe. Tafiyar awa guda ce, in babu ƙanƙara a hanya. Suna kwantar da shi, su kifa masa ragar, su ɗaure ta da gadon. Ba a barin kowa ya shiga. Minti goma sha biyar ne kawai, amma Mamm ba ta jingina bayanta da kujera sai ya fito.

Makon farko da na biyu kamar ba a yin komai. A na uku wuyan ya yi ja, ya yi baƙi, ya fara saɓulewa. Yawunsa ya yi kauri kamar igiya. Ya ce komai ɗanɗanon ƙusa yake yi masa, daga baya ya daina cewa, don maganar ma ta ɗauke. Na ba shi allona na makaranta da alli.

Matan majami'a suna ta aiko da abinci. Romon kaza, dankali da man shanu, burodi mai zafi, har babu wurin ajiyewa. Shi kuwa cokali ɗaya na ruwa sai ya runtse ido ya riƙe gefen tebur kafin ya wuce. Wandonsa ya yi masa yawa, Mamm ta rage shi sau biyu. Yanzu sun sa masa roba a ciki, ta nan ake ɗura masa wata madara ta gwangwani da babban sirinji. Nas ta koya wa Mamm sau ɗaya ta iya. Sau biyar a rana take yi. Duk da haka ba ta daina dafa masa romo tana ajiyewa a gabansa ba. Ran nan ya ture kwanon da bayan hannu ya zube mata a riga, ya rubuta a allo da manyan baƙi, BAR NI. Ta goge tebur, ta goge allon, ta je ta canza riga. Da yamma ta sake kawo wani romon. Ban san wanda zan ji wa haushi a cikinsu ba.

Akwai abin da ban zata ba. Kin san in mun sunkuyar da kai muna addu'ar abinci a zuci, gyaran muryar Dat ne yake sallamarmu. Wata rana muka sunkuya, muka yi ta jira. Ina jin Edna tana haɗiyar yawu. Na ɗan ɗaga ido, sai na ga yana ƙoƙari, wuyan yana motsi, hawaye na zubo masa don zafi, babu sauti. Dankali ya huce a gabanmu. A ƙarshe Mamm ta ɗan buga cokali a gefen faranti, muka ɗago. Tun ranar haka ake yi, kuma ba wanda ya taɓa maganar.

A rana ta ashirin da huɗu ta gashin ya ƙi tashi daga kujera. Darlene tana waje, inji yana aiki. Ya rubuta, YA ISA. Na zaci Mamm za ta roƙe shi. Sai ta sa baƙar hularta ta fita, ta ɗauki jakar saƙa, ta je ta shiga motar ta zauna a baya ta rufe ƙofa. Na tsaya a taga ina kallon motar, in juyo in kalle shi. Darlene ta kashe inji. Dusar ƙanƙara ta fara rufe gilashin. Minti arba'in a agogon bango, Saloma. Ni kuma ina tsakiya da tsumman goge kwano a hannu, na kasa ce masa je ka, na kasa ce mata dawo. Daga baya ya miƙe da kansa, ya ɗauki malafa.

Darlene ta gaya mini wai da ya shiga ta ce masa, "Malam Atlee, ni na yi aure sau biyu, ban taɓa cin gardama da baki a rufe ba. Matar nan taka sai ta buɗe makaranta."

Saura kwana huɗu a gama. Zan faɗa miki wani abu, kada ki gaya wa kowa. Wuyan yana wari. In Mamm tana canza masa ƙyalle ni ce mai riƙe kwano, kuma ina riƙe numfashina, kuma ina jin ya sani. Ita ko fuska ba ta canzawa. Ta rame ita ma, ba wanda yake rage mata riga.

Ki sumbatar mini yaran biyu. Ki huta sosai.

Ƙanwarki mai kewarki,
Elmina


26 ga Afrilu

Yayata Saloma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata tarin Rosanna ya yi sauƙi, kuma Tobias bai ɗauka ba. Yaya lambunki? Mu mun shuka wake da albasa.

A wasiƙata ta watan jiya na ce miki murya ta fara dawowa, har ya kira shanu daga bakin shinge suka ɗago kai. Gaskiya ne. Ya ci ƙwai, ya ci burodi jiƙaƙƙe. Mamm har waƙa na ji tana yi a wurin wanki. Da na sani da ban rubuto miki da wannan murnar ba.

Ranar Alhamis aka ba mu sakamakon sabon hoton. Gashin bai cinye shi duka ba. Ba za a iya sake gasa wuri ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne aiki, su cire maƙogwaron gaba ɗaya, da wurin muryar. Zai riƙa numfashi ta wata ƙofa da za su buɗe masa a gindin wuya. Likita ya ce akwai dabarun da ake koya wa mutum daga baya ya ɗan yi magana, amma muryar da muka sani ba za ta dawo ba. In ba a yi ba kuma, ya ce ba ya jin Dat zai ga girbin baɗi.

Na ga Mamm ta ƙanƙame jakarta, tana shirin wani dogon yaƙin. Dat ya dube ta, ya dubi likita, ya ce, "Yaushe?" An sa tara ga Mayu.

Jiya muna lambu, tana gaba tana tona rami ina bin ta da iri, sai ta ce, ba ta ɗago ba, "Da na buɗe baki na tambaye shi tun ranar farko, da ba a kai nan ba ko?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ina kwana kusa da mutum, ina tashi kusa da shi, mako shida."

Yau da safe na je ɗakin waya ni kaɗai na kira asibitin. Sau biyu ina ajiyewa da an ɗauka. A na uku na yi magana, aka haɗa ni da likitan. Na tambaye shi ko makonnin nan shida ne suka jawo. Ya ce ba wanda zai iya sani, ƙila sun taimaka wa ciwon, ƙila da ma haka zai yi. Na dawo gida na ce wa Mamm likita ya ce ba su ba ne. Ta dube ni da daɗewa. Ban san ko ta yarda ba. Wannan ce ƙarya ta biyu da na yi mata a kan ciwon nan, kuma ban san yadda zan roƙi gafara a kan abin da na san zan sake yi ba.

Na san ba za ki iya tafiyar nan da jaririya mai tari ba, kada ki sa wa ranki. Amma ki je ɗakin wayarku ranar Laraba ta sama da ƙarfe huɗu. Ki tafi da Tobias. Dat ya ce shi ba ya son waya, Mamm ta ce za ta kawo shi.

Ki gaishe da Ervin da iyayensa.

Taki,
Elmina


Asibiti
9 ga Mayu

Yayata Saloma,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fata kun tashi lafiya, kuma Rosanna ta samu barci. Ki yafe munin rubutun, a kan gwiwata nake yi. Sun shiga da Dat awa biyu da suka wuce, sun ce aikin zai kai awa bakwai ko takwas. Ba ni da abin yi da hannuna sai wannan.

Bayan kun gama waya ranar Laraba, ya kuma ji muryar Tobias, muka dawo gida. A bakin ƙofa ya ce, "Yaron nan ya iya surutu, ba gidanmu ya gado ba."

Ranar Juma'a wata ma'aikaciya mai koya wa irinsu magana ta zauna da mu. Ta ajiye 'yar waya a kan tebur ta ce mutane da yawa sukan ɗauki muryarsu kafin aikin, don iyali su riƙa ji. Ta ce ko waƙa ɗaya ya yi, za ta ajiye mana a wurinta, duk ranar da muke so mu zo mu saurara. Dat ya yi mata godiya, ya ce mu ba ma ajiye hoto, ba zai ajiye murya ba. Matar ta dubi Mamm. Mamm ta daɗe tana kallon wayar nan. Na ga yatsunta sun motsa a kan cinyarta. Sannan ta ce, "Yadda ya ce." Na so in ce don Allah a ɗauka. Kin san ni.

Jiya gida ya cika da mutane. Na yi zaton zai tara mu ya faɗi wata babbar magana. Ina! Ɗan abin da ya rage masa na murya a kan sha'anin gona ya ƙarar da shi. Ya gaya wa Baffa Mose wace goɗiya ce take bukatar takalmi, wace saniya ce ba a tatsa da sauri, inda ruwa yake kwanciya a gonar arewa. Baffa ya ce, "Shekara hamsin kana ba ni umarni, gobe zan huta." Dat ya ce, "Ina da allo." Baffa ya ce, "Ni kuma na manta karatu." Aka yi dariya, sai Baffa ya fita wai zai duba doki, ya daɗe bai dawo ba.

Mamm tana ta kai da kawo da kofuna, tana bi ta kusa da kujerarsa ko ba ta da abin ɗauka a wurin. Ni na ga tana jira. Shi bai gani ba, ko ya gani bai san me zai yi ba.

Yau da safe suka sa masa rigar asibiti, suka kwantar da shi a gado mai taya. Mun bi su har wata ƙofa mai faɗi inda aka ce iyaka ke nan. Mai turawa ya tsaya ya ce mu yi sallama. Dat ya dube ni ya ce in kula da Edna. Ya dubi Mamm ya ce, "To, Mamm, sai na fito."

Ta riƙe ƙarfen gadon. A gaban mutane, Saloma, da nas biyu a tsaye. Ta ce, "Ba haka ba."

Ya ce, "Me?"

Ta ce, "Tun da aka haifi Saloma kake ce mini Mamm. Ni ba uwarka ba ce. Faɗi sunana."

Sai a lokacin na lura ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, tun da aka haife ni. Kunnuwansa suka yi ja. Ya dubi nas ɗin, suka juya baya kamar suna duba takarda. Ya buɗe baki, na farko bai fito ba, iska ce kawai. Ya haɗiye, ya runtse ido don zafi, ya sake.

"Clara."

Ta ce, "Ƙara."

Ya ƙara. Ta saki gadon, suka tura shi, ƙofar ta rufe.

A ɗakin jira akwai talabijin yana ta magana, Mamm ta ƙi zama a can. Mun sauko wani lungu kusa da matakala inda babu kowa. Darlene ta kawo mana shayi ta fara cewa wani abu, Mamm ta ɗaga mata hannu. Ɗazu na matsa na tambaye ta ko za ta ci burodin da muka zo da shi. Ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Kada ki yi mini magana tukuna, Elmina. Yana cikin kunnena. Kada wani abu ya hau kansa."

Don haka na yi shiru. Tana nan kusa da ni, idonta a rufe, tafin hannunta a kan kunnenta na dama, wajen da yake lokacin da ya faɗa. Zan ba Darlene wasiƙar nan ta jefa a akwatin gidan waya, don kada ƙarar takarda ta dami Mamm.

Ki yi mana addu'a. Ki gaishe da Ervin da yara.

Ƙanwarki,
Elmina